Aikin likitan ma'aikata a gareji, daga zagayen farko zuwa sakamakon jini

Babban kamfani yana da asibitinsa da likitan da ke duba ma'aikata a kan kari. Mai gareji da ke da yara takwas a ƙarƙashinsa ba shi da ko ɗaya, alhali hayaƙin da ake shaƙa a wurinsa da ƙarar da ke shiga kunne sau da yawa sun fi na kamfanin. Mu likitocin lafiyar ma'aikata ba ma bin irin waɗannan wurare rumfa-rumfa, domin kuɗin ɗauko na'urar gwaji kaɗai ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta ƙungiya ake shiga. A wuri irin Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, inda makanikai da masu walda da masu fenti da masu gyaran batir ke kafaɗa da kafaɗa, shugabanni ake fara gani, a yi musu bayani, su haɗa gareji goma ko ashirin a raba kuɗin aikin.

A wannan zama ake tsayar da magana biyu tun kafin a taɓa kowa. Mu ba jami'an kame ba ne, ba mu zo rufe rumfa ko cin tara ba. Sannan sakamakon gwajin mutum nasa ne shi kaɗai. Maigidan wurin zai ji ko yaronsa zai ci gaba da aiki, ko zai ci gaba bisa sharaɗi, ko a ɗauke shi daga wani ɓangare na ɗan lokaci, amma ba zai ji sunan cuta ba. In ba a faɗi wannan a bainar jama'a ba, ranar gwaji za ka tarar an aiki rabin yaran sayen kaya, sauran kuma kowa ya ce lafiyarsa ƙalau.

Ba da allura ake farawa ba, da zagaye ake farawa. Muna zuwa tsakanin ƙarfe 10 da azahar a ranar da aiki ya kankama, ba Juma'a ba, kuma ba ma faɗin takamaiman sa'a, don in an sani za a share wuri a fito da sabbin takunkumi daga leda. Sai mu bi mota ɗaya daga shigowarta har fitarta: wa ya kwance, wa ya buga jiki, wa ya goge, wa ya fesa, da me aka wanke hannu, a ina aka ci abinci. Tambayar "Kana sa kariya?" ba ta da amfani, amsarta kullum "E, Likita" ce. Abin da ake cewa shi ne, "Maigida, nuna min yadda kuke yi." Kowane gwangwani muna ɗaukar hoton rubutun jikinsa, har da wanda aka juye a robar ruwan sha babu suna, wanda shi ne ya fi tayar da hankali. Abin da aka gani a wannan zagaye shi ke yanke gwajin da za a yi wa kowa. Auna jinin duk 'yan gareji don neman dalma ɓarnar kuɗi ce idan mutum uku ne kawai ke narka ta.

Ƙara ita ce mafi sauƙin aunawa. Da desibel ake auna ƙarfinta, kuma iyakar da ake bi ita ce desibel 85 a tsawon awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4 ne, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, in ta kai 100 minti 15 kacal. Giranda a kan ƙarfe tana yawan kaiwa kusan 100, wato mai gyaran jikin mota kan cinye rabonsa na yini tun kafin hantsi. Na'urar awon a daidai kunnen mai aikin ake riƙe ta, ba a bakin ƙofa ba. In babu na'ura, a tsaya nisan hannu ɗaya daga mutum a yi masa magana. In sai an ɗaga murya yake ji, wurin ya kai iyaka ko ya wuce.

Rumfar fenti ce muke daɗewa a ciki. Fentin mota na zamani kashi biyu ake haɗawa, fentin da sinadarin da ke sa shi ya daskare ya yi ƙarfi, kuma wannan sinadarin yana ɗauke da isosayanet, ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ta dalilin aiki a duniya. Abin da ke yaudarar mutane shi ne hazon da ke yin illa ba a ganinsa. Mai fesawa ya saki bindiga, ya ɗage takunkumi don ya duba ko fenti ya kwanta, a daidai lokacin iskar na cike da shi. A rumfar da aka kewaye da tamfol don kare ƙura, hazon kan daɗe bai fita ba, yaron da aka tura ya kwashe takardun rufi shi ma ya shaƙa. Takunkumin takarda da ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba sa tare komai a nan. Kariyar da ta dace ita ce hular da ake tura mata iska mai tsabta ta tiyo, da matattara a kan layin, bakin shan iskar kwamfuresa kuma nesa da hayaƙin janareta. Tana da wata fa'ida a wurinmu: ba ta buƙatar mannewa da fata, don haka mai gemu zai iya sa ta. Takunkumin roba mai gwangwanin gawayi biyu ba ya kama fuskar mai gemu, iska ta gefe take shiga, kuma ba za ka ce wa dattijo ya aske gemunsa saboda fenti ya saurare ka ba. Inda babu halin hular, na gawayin ya fi babu, da sharaɗin a riƙa canza gwangwanin, a ɗaure shi a leda bayan aiki, domin in an rataye shi a ƙusa cikin rumfar yana ci gaba da tsotsar tina har ya cika.

Kusan kowace rumfar fenti da ta walda za a nuna maka gwangwanin madara, a ce ana sha don ta wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, hayaƙi huhu yake tafiya. Ba ma hana kowa sha, amma muna faɗa ƙarara cewa ba kariya ba ce.

Alamar asmar aiki ba a wurin aiki take fara fitowa ba. Sau da yawa da dare ne mutum zai farka da tari da shaƙewar ƙirji, ya ɗauka sanyi ne. Tambayar da ke buɗe maganar ita ce, "Lokacin da ka je gida hutun Sallah, tarin ya lafa?" In ya ce ya lafa, da ya dawo kuma ya taso, to an kama bakin zaren. Muna ba shi ƙaramar na'urar hurawa ta hannu ya riƙa auna numfashinsa aƙalla sau 4 a yini na mako 3 zuwa 4, har da ranakun da ba ya aiki. Matsalar ita ce yawancin gareji kwana shida ko bakwai suke yi, babu hutun da za a kwatanta da shi, shi ya sa muke saita awon ya ratsa ta kan Sallah ko wata tafiya. Wanda ba ya rubutu sai ya ɗauki hoton lambar da wayarsa, wayar ta riƙe masa rana da lokaci. In jiki ya riga ya tsargu da isosayanet, ɗan kaɗan ma tayar da ciwon yake yi, kuma babu takunkumin da za a dogara da shi. Barin fesawa ne kawai mafita, kuma wanda ya bari da wuri ya fi samun sauƙi. Wannan ita ce magana mafi nauyi a aikin gaba ɗaya, domin sana'ar mutum ake taɓawa. Ba ma faɗinta sai mun zauna da maigidansa an nemo masa wani gurbi, kamar karɓar aiki, sayen kaya ko harhaɗa mota a can nesa da rumfar.

Wurin masu batir da lagireto dalma muke nema. Tana narkewa a digiri 327, amma in an ɗora mata wutar walda zafin ya zarce haka nesa, sai ta tashi hayaƙi. Duk da haka hanyar da ta fi shiga jikin mutane da yawa ita ce hannu zuwa baki: goro, sigari, rake, gurasar da aka ci a kan bencin aiki. Sai a duba ƙarƙashin farce, a duba inda butar shayi take. Alamominta ciwon ciki ne mai murɗa, taurin bahaya, kasala, ƙarancin jini, hawan jini, raunin wuyan hannu, har da matsalar haihuwa, kuma yawanci an riga an sha maganin taifot da na olsa da na basir kafin wani ya yi tunanin dalma. Ana kuma tambayar gida: da kayan aikin kake komawa, wa ke wanke su, akwai mai ciki ko ƙananan yara, ana sa wa jariri kwalli? Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ta wannan hanya ya bi. A cikin gidaje ake niƙa dutsen zinariya mai dalma, ƙurar ta zauna inda yara ke rarrafe. Rigar mai gyaran batir ƙaramin samfurin wannan ce. Ruwan batir kuwa asid ne. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudana na minti 20 kafin a nemi abin hawa, ba bayan an isa asibiti ba. Don haka muke neman a ajiye jarkar ruwa mai tsabta kusa da bencin, ba ta alwala da kowa ke ɗauka ba. Kuma batir da ke caji yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, bai kamata a yi walda ko a kunna sigari kusa da shi ba.

Masu walda ciwonsu biyu ne da ake yawan ɗauka wani abu daban. Hasken walda yana ƙona fatar ƙwayar ido, amma zafin ba ya zuwa sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya tashi tsakar dare kamar an zuba masa yashi. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ma ba kowa maganin kashe zafin ido ya tafi da shi gida, yana hana warkewa kuma yana ɓoye rauni. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa, gilashin walda mai lamba 10 zuwa 13 ake so, kuma yaron da ke riƙe ƙarfen shi ma yana buƙata, don shi ne ya fi kamuwa. Na biyu shi ne zazzaɓin da ke biyo bayan walda a kan ƙarfe mai rufin zinki, irin bututun ruwa da kwanon rufi: rawar sanyi da ciwon jiki da yamma, gobe ko jibi ya wuce. Maganin maleriya ake sha masa a banza. Tun 2017 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin walda a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, don haka tsayawa ta inda iska ke kwashe hayaƙin daga fuska ba ƙaramin abu ba ne. Tankin mai kuma, ko an juye shi an ɗauraye, tururin da ya rage ya isa ya fashe.

Sauran abubuwan da sauri ake lura da su. Tsotsar fetur da tiyo, wanda in ya kuɓuce zuwa huhu yake ƙona shi. Wanke hannu da fetur ko tina, wanda ke tsattsage fata, kuma fetur na ɗauke da benzin mai lalata ɓargo. Hure ƙurar burki da iskar kwamfuresa, alhali wasu takalman burki na da asbesto, ma'adinin da ƙurarsa ke lalata huhu, jiƙaƙƙen tsumma ya wadatar. Shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai babu waigi.

Ranar gwaji ba ma sa ta cikin azumi, domin da yawa ba za su yarda da ɗibar jini ko shaƙar maganin buɗe ƙirji ba. Da sassafe ake farawa kafin a kunna ko inji ɗaya, saboda gwajin ji na son kunnen da ya huta daga ƙara na awa 14 zuwa 16. In an gwada mutum bayan ya sha giranda, jinsa zai nuna ya ragu fiye da gaskiya. Ana fara leƙa kunne da fitila, don dattin kunne kaɗai kan ɓata sakamako. Ɗakin ya zama nesa da titi da janareta, a kashe fanka, in ba haka ba ƙananan sautuka ba za su aunu ba. Ana bin sauti daga mai kauri zuwa siriri, wato daga hertz 500 zuwa 8000, a kowane kunne, kuma ɓarnar ƙara tana da tambarinta: layin ya faɗa a wajen 4000 sannan ya ɗan farfaɗo. Mai wannan bai san ya fara kurumcewa ba. Zai dai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe ta a cikin taro, ko kunnensa na ƙugi da dare. Abin da ya tafi ba ya dawowa, na baya ake tsarewa. A nan take muke koya sa toshin kunne na soso: a murza shi ya sirance, a zagaya da ɗayan hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya, a tura, a riƙe na daƙiƙa 30 har ya kumbura. Wanda aka ɗora a bakin kunne ado ne, auduga ma haka.

Kafin kowa ya hura na'urar gwajin huhu ana tambayar tari. Wanda ya wuce mako 2 yana tari, ko yana ramewa da zufar dare, ba zai hura ba, sai a tura shi gwajin majina na tarin fuka, wanda kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Haka wanda aka yi wa tiyatar ido, ƙirji ko ciki kwanan nan. Na'urar ana gwada ta da sirinji mai lita 3 kowace safiya, kowa da bakin hurawarsa sabo. Mutum ya zauna, a matse hanci, ya cika ƙirji iya iyawa, ya fesar da ƙarfi lokaci ɗaya, ya ci gaba har iska ta ƙare. Ana son hurawa 3 masu kyau, biyun da suka fi kada su bambanta da fiye da mililita 150, kuma ba a wuce gwaji 8. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa da wuri ko fara hurawa da sanyin jiki, dole mai gwajin ya riƙa zuga shi da murya: "Ci gaba, ci gaba, saura kaɗan!" In iskar daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duka ba, akwai alamar toshewa. A kula da ma'aunin da ke cikin na'urar, wasu an saita su da huhun Turawa, sai su nuna lafiyayyen mutum a matsayin mai rauni. Abin dogaro shi ne a kwatanta mutum da kansa na bara. In ya sauka da kashi 15, a bincika ko da bai yi ƙorafi ba.

Jinin dalma daga jijiyar hannu ake ɗiba, ba daga yatsa ba, domin yatsan mai batir yana ɗauke da ƙurar da za ta ninka sakamakon. Ana wanke wurin da sabulu da ruwa tukuna, audugar sifirit ba ta cire dalma. Kwalba mai murfi shuɗi-ja ake zubawa, kuma ba a yin ɗibar a cikin rumfar. Ba kowane ɗakin gwaji ke wannan awo ba, sai an tabbatar da inda za a kai kafin a huda kowa. Ƙaramar na'urar tafi-da-gidanka tana tsayawa a maikrogiram 65 a desilita na jini, abin da ya wuce haka sai babban ɗakin gwaji. Babu adadin dalma da ake cewa lafiya ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikrogiram 5 a desilita a nemo inda take shiga a toshe. Ga ma'aikaci baligi, muna ɗauke shi daga aikin in ya kai 30 sau ɗaya, ko 20 sau biyu a jere da tazarar wata guda. A jini takan ragu da rabi cikin kusan wata ɗaya, amma wadda ta shige ƙashi shekaru take yi tana fitowa, shi ya sa tsohon ma'aikaci ba ya sauka da sauri. Maganin da ke zuƙe dalma ba a ba mutum shi yana kan aikin, kuma ba a saya a kemis. In na ma'aikaci ya yi sama, a gwada 'ya'yansa.

Kowa kuma ana auna masa hawan jini bayan ya zauna minti 5. In ya kai 140 bisa 90 a sake a wata rana kafin a kira shi ciwo. Ana duba tafin hannu da tsakanin yatsu, a tambayi allurar tetanus.

Sakamako a keɓe ake bayarwa, mutum ɗaya-ɗaya, ba a gaban ogansa ba. Rahoton da maigida ke karɓa na wurin ne, kuma ba ma cika shi da shawara ashirin. Uku muke zaɓa, waɗanda za a iya yi cikin wata ɗaya da kuɗin da ke aljihu, kuma gyaran wuri yana gaba da sayen kariya. A matsar da janareta bayan katanga. A ware wa fesawa lokacin da sauran suka tashi, a kafa fanka mai zuƙo iska waje. A fitar da bencin cin abinci daga rumfar batir, a sa bokiti da sabulu, kayan aiki su kwana a gareji. Yaron da bai kai shekara 18 ba kada ya fesa fenti, kada ya narka dalma. Takunkumi a ƙarshe yake zuwa, domin a zafin Afrilu da ya haura digiri 40 babu mai riƙe shi a fuska yini guda, ko me ya yi alkawari.

Akan kuma tunatar da shugabanni abin da doka ta tanada. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma ta haɗa da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi. Ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da maigidansa rauni ko ciwo, maigida na da kwana 7 ya kai rahoto, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya ne. Ƙananan gareji kaɗan ne suka yi rajista, amma ko ba a yi ba muna sa a buɗe littafi a riƙa rubuta kowane rauni da ranarsa da abin da ya jawo shi.

Bayan wata 3 muke komawa, ba tare da sanarwa ba, mu duba abubuwa ukun nan, mu sake ɗibar jinin waɗanda nasu ya hau. Gwajin ji da na huhu shekara-shekara ne, sabon mai fenti kuma a duba shi fiye da sau ɗaya a shekararsa ta farko, domin da yawa a farkon shiga aikin jikinsu ke tsarguwa. Takardun muna ajiye su shekaru masu yawa, tunda ciwon asbesto kan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ya bayyana. Sai dai ɗan koyo ba ya zama wuri ɗaya, ana yaye shi ya buɗe nasa a wani gari. Don haka kowa muna ba shi kati a hannunsa mai ɗauke da irin aikin da yake yi, ranar gwaji da lambobin da aka samu, mu ce ya ɗauki hotonsa a waya, ya nuna wa duk likitan da ya je wurinsa da tari, ciwon ciki ko matsalar ji.